Batun Yoga Da Masu Ciwon Daji: Kada Suna Ya Hana Mu Amfani



A zaman ƙungiya na ƙarshen watan jiya an kawo wata shawara da ta raba kan mahalarta, har aka tashi ba a tsayar da magana ba. Shawarar ita ce, kwamitin dubiya da ya saba kai wa marasa lafiyarmu gudunmawar kuɗi da abinci ya ƙara da koya wa masu fama da ciwon daji dabarun numfashi, da miƙe gaɓoɓi a hankali, da zaman natsuwa na 'yan mintoci a kullum. Wadda ta kawo shawarar ma'aikaciyar jinya ce, kuma da ta tsaya a nan da wataƙila ba wanda zai ce uffan. Sai ta ƙara da cewa a asibitocin ƙasashen waje wani ɓangare na wannan abu ana kiran sa yoga. Daga nan zaure ya kaure da surutu.

Ƙorafi uku aka yi. Wasu sun ce wannan bautar Indiyawa ce, ba za a shigo mana da ita gidajenmu ta bayan fage ba. Wasu sun ce rainin hankali ne a je wa mutumin da ya sayar da fili don kuɗin magani a ce masa ya ja numfashi. Wasu kuma, kuma su ne suka fi ƙaranci, sun ce tsoronsu kada mutane su ɗauka an samo wani sabon magani su daina zuwa asibiti. Mu a ganinmu ƙorafi na uku shi ne mai nauyi, na farko kuwa shi ya fi ƙara amma shi ya fi sauƙin warwarewa. Matsayarmu ita ce a karɓi shawarar, bisa sharaɗi, kuma ga dalilanmu.

Mu fara da halin da ake ciki. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna ana samun sababbin masu wannan ciwo sama da dubu 120 a Najeriya a shekara guda, kuma kusan dubu 80 ke rasuwa. Sankarar mama ce a gaba, sai ta mafitsara a maza da ta bakin mahaifa a mata. Mu a Gombe muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka, wanda har yau da yawa daga cikinmu ke kira FMC saboda da wannan sunan aka buɗe shi a 1996 kafin a ɗaga darajarsa a 2014. Duk wanda ya taɓa zama a harabarsa ya san ba 'yan Gombe kaɗai ke zuwa ba. Za ka ji Fulatanci, ka ji Tangale, ka ji Tera da Barbarci. Daga Dukku da Nafaɗa da Kaltungo ake zuwa, haka daga Adamawa da Taraba da Yobe da kudancin Borno.

To amma asibiti yini ɗaya yake riƙe mai kemo. Yawanci ana yin ƙarin ruwan ne sau ɗaya duk bayan mako uku, a maimaita sau shida ko takwas gwargwadon irin ciwon. Ke nan a kowane zagaye majinyaci yana yin kwana ɗaya a hannun likita, kwana ashirin a hannunmu. A cikin kwanakin nan ashirin ne gashi ke zubewa, baki ya yi ɗaci, abinci ya ƙi shiga, jiki ya mutu kamar an yi wa mutum duka, barci ya ƙaurace. Da rana akwai masu shigowa da fita. Da dare kuwa, bayan an ɗauke wuta, zafin Maris ya rufe ɗaki, kowa ya yi barci, sai a bar mace ita kaɗai da tunanin wa zai riƙe mata yara. A irin wannan dare ne ake yanke shawarar ba za a koma zagaye na uku ba.

Duk wanda ya yi jinyar mai daji a garin nan ya san yadda labarin ke tafiya daga nan. Wata gwaggo za ta zo ta ce ai dama an faɗa, daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wani zai kawo lambar wani mai magani a wani ƙauye da aka ce ya warkar da wance. A ɗauko saiwoyi, a shafa, a sha, a yi hayaƙi. Bayan wata huɗu ko biyar sai a dawo da ita asibiti cikin Keke Napep, ƙari ya fashe, likita ya duba ya girgiza kai. Sannan a koma gida a ce asibiti ne ya kasa.

Wannan ba hasashe ba ne. Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi bayanan masu ciwon daji da ciwonsu bai bazu ba, waɗanda suka bar maganin asibiti suka koma wa wasu hanyoyi kaɗai, suka kwatanta su da waɗanda suka tsaya a kan maganin asibiti. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna haɗarin mutuwar na farkon ya ninka sau biyu da rabi. A sankarar mama ninkin ya haura sau biyar. A Amurka ke nan, inda ake gano ciwon da wuri. Ina ga mu da yawancin matanmu ba sa isa gaban likita sai abin ya yi nisa?

Saboda haka tambayar da ya kamata ƙungiya irin tamu ta yi wa kanta ita ce: me za mu iya yi a cikin kwanakin nan ashirin da zai sa 'yar uwarmu ta koma ranar da aka rubuta mata a kati? Kuɗi na ciki, kuma shi ne babba. Amma mun ga waɗanda aka haɗa musu kuɗin zagaye cif, suka ce su dai a bar su, ba za su iya ba. Abin da ya kayar da su tsoro ne da rashin barci da tashin zuciya. Akwai ma wani abu da likitoci suka daɗe da sani: wasu masu kemo tun kafin a ɗaura musu ruwa, da zarar sun shiga ƙofar ɗakin ko sun ji warin maganin goge fata, sai amai ya taso. Jiki ne ya haddace wahalar zagayen baya, yake gabatar da ita. Maganin hana amai yana taimakawa ƙwarai bayan an yi ƙarin ruwa, amma wannan irin na kafin a fara ya fi jin dabarun kwantar da jiki.

A nan ne shawarar 'yar uwarmu ta shigo, kuma ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Tun 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts, inda ake koya wa masu doguwar jinya su zauna shiru, su bi numfashinsu, su lura da jikinsu, tare da motsa gaɓoɓi a hankali. Ya tsara shi yadda mai kowane addini zai iya shiga. Daga baya aka yi ta gwada irin wannan a kan masu ciwon daji, musamman mata masu sankarar mama. A 2023 babbar ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, wadda ake kira ASCO, tare da wata ƙungiyar, ta fitar da ƙa'idojin da suka amince a yi amfani da zaman natsuwa da yoga da dabarun sassauta jiki don rage fargaba da damuwa ga masu karɓar magani. A 2024 kuma suka fitar da wasu a kan kasalar da ke biyo bayan kemo, inda suka sa motsa jiki a sahun gaba. Wannan na ƙarshen yana ba mutanenmu mamaki, domin mu abin da muka sani shi ne marar lafiya ya kwanta, kada ya ɗaga ko tsinke. Ashe kwanciyar yini guda cur tana ƙara kasalar ne.

Mu faɗi ɗaya gefen da babbar murya, don kada wani ya ɗauki rabin magana ya tafi da ita: babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ya ce numfashi ko yoga na rage girman ƙari, ko hana shi bazuwa. Duk wanda ya ce maka haka, ko Bature ne ko Ba'indiye ko ɗan unguwarku, ƙarya yake yi. Abin da ake samu shi ne barci ya ɗan daidaita, bugun zuciya ya lafa, fargaba ta ragu, mutum ya samu ƙarfin halin komawa. A wurin mai lafiya wannan ƙaramin abu ne. A wurin wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba, ba ƙarami ba ne.

Yadda abin ke aiki ba wani sirri a ciki. Idan mutum ya tsorata, numfashinsa kan koma gajere, a saman ƙirji, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, kafaɗu su ɗaure. Jiki ya shirya gudu ke nan, alhali ba inda za a gudu. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, ita ce kamar birkin jiki. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi, bugun zuciya kan ɗan sassauta. Idan ya ja fitarwar ta fi shaƙar tsawo, birkin ya fi kamawa. Abin da ake koyarwa ke nan. A zauna ko a kishingiɗa, a ɗora hannu a kan ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu har a ji ciki ya taso, a saki a hankali ta baki ana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Minti biyar da safe, minti biyar kafin barci, da kuma lokacin da ake zaune a layi ana jiran a kira suna. Idan tunani ya kwashe mutum, kuma zai kwashe shi, sai ya dawo kan ƙirgar ba tare da ya zargi kansa ba. Ba tabarma ta musamman, ba kaya na musamman, ba ko sisi.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: a cibiyoyin da ke da na'urar gashin daji ta zamani, idan za a gasa maman hagu, akan koya wa mace ta ja dogon numfashi ta riƙe na 'yan daƙiƙu, domin huhu ya cika ya ture zuciya nesa da inda hasken zai bi. Wato ko a cikin ɗakin na'ura, wadda ta iya sarrafa numfashinta ta fi wadda ba ta iya ba.

Yanzu ga batun addini, kuma ba za mu yi masa rufa-rufa ba. Gaskiya ne yoga daga Indiya ta samo asali, kuma gaskiya ne a asalinta tana haɗe da aƙidar mutanen can. Akwai kalmomin da ake rerawa, akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwa ga rana. Dattijon da ya tashi ya ce shi ba zai yarda da wannan ba, bai yi laifi ba, kuma ba jahilci ne ya sa shi magana ba. 'Yan uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiya su ma sun nuna irin wannan ɗari-ɗari. Ba mu kaɗai muka taɓa wannan muhawara ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abubuwan bautar da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta yi nata zaman, ta haramta wadda ake haɗawa da rera kalmomin bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 kuma Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ke nan malamai sun kalli abin ta fuskoki daban-daban, kuma inda suka fi haɗuwa shi ne a raba motsin da bautar.

Mu ba majalisar fatawa ba ne, kuma ba ma neman zama. Abin da muke cewa ya fi wannan sauƙi. Abin da majinyacinmu ke buƙata guda uku ne: numfashi mai tsawo, motsi mai laushi, da 'yan mintoci na shiru. Ba ɗaya a cikinsu da yake mallakar Indiya. Matar da aka cire wa mama, likitan gashin ƙashi zai ce ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsunta sama kaɗan-kaɗan kullum don kada kafaɗa ta sandare. Wa zai kira wannan bauta? A bar sunan yoga ga masu shi, a bar rerawarsu da gaisuwarsu, a ɗauki abin da likita ya tabbatar. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ko bayan haka, ya tambayi malaminsa, ba mai tilasta masa.

Hasali ma, zaman natsuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattijon da ke zama bayan Asuba da carbi a hannu har rana ta fito, bai motsa ba, bai yi wa kowa magana ba, me yake yi? Tsohuwar da ke jan salati a hankali tana lumshe ido fa? Natsuwa a cikin ruku'u da sujada sharaɗi ce da aka koya mana tun muna makarantar allo. Ba muna cewa ibada motsa jiki ce ba, Allah Ya kiyaye. Ibada ibada ce, don Allah ake yin ta. Muna cewa ne mutumin da ya saba da wannan zama ya riga ya san hanyar, ba sai an fara masa daga farko ba. Majinyaciyar da ta ga dama ta haɗa numfashinta da zikirin da ta saba, ta shaƙa a hankali, ta saki tana ambaton Allah a zuci. Kirista ya haɗa da addu'arsa. Wanda ya fi son ƙirga ya ƙirga.

Akwai wani abu da ke da alaƙa da wannan da ba a cika faɗa ba. A garin nan mai ciwon daji ba shi da izinin ya ce yana jin tsoro. Da ya buɗe baki za a tare shi da "haba, ina tawakkalinka?" Sai ya haɗiye, ya ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali cikinsa na ƙuna. Tsoron da aka hana shi fita ta baki shi ne ke fita ta hanyar rashin barci da bugun zuciya. Jin tsoro ba raunin imani ba ne, halittar ɗan Adam ce. Wani lokaci babban amfanin zama da majinyaci a yi numfashin nan tare shi ne, bayan minti biyar na shiru, sai ka ji ya fara faɗin abin da ya ɓoye wata biyu: bashin da ake bin sa, ko 'yar da yake so ya ga aurenta. Wanda ya je koyarwa ya san wannan zai faru, kuma idan ya faru ya yi shiru ya saurara, kada ya ɗauko wa'azi.

Masu ƙorafin kuɗi kuwa, muna tare da su fiye da yadda suke zato. Zagaye ɗaya na kemo, da gwajin jinin da ake yi kafin sa, da maganin amai, da kuɗin mota, na iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata har ya nemi ƙari. Idan aka tura mutum gashi Zariya ko Abuja, ga masauki ga abinci na makonni. Duk ranar da wannan shawara ta zama dalilin rage ko naira ɗaya daga abin da kwamitin dubiya ke kaiwa, mu ne za mu fara tashi mu yi adawa da ita. Hannu ɗaya ya miƙa ambulan, sannan a zauna a yi numfashin. Kuma tunda maganar kuɗi ta taso, bari mu tuna wa 'yan uwa cewa Gwamnatin Tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara, kuma asibitin koyarwa na Gombe na cikin asibitoci shida na farko da aka zaɓa don shirin. Ba kowa ke samu ba, akwai cike-cike da jira, amma iyalai da yawa ba su ma san da shi ba balle su nema. Duk mai majinyaci ya tambayi sashen kula da walwalar marasa lafiya na asibitin. Matasanmu masu iya waya da kwamfuta, ga aikin lada nan.

Idan har za a yi wannan abu, to dole a taɓa yadda ake dubiya a garin nan, domin ba a natsuwa a kasuwa. Kowa ya san yadda take: mata goma sha biyu a ɗaki ɗaya, da yara, da turaren wuta, da kwanon abinci mai man ja, kowace da labarin wata da ta yi irin wannan ciwo ta rasu. Majinyaciya ta tashi zaune dole, ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushin da ba ta da ƙarfinsa. Niyya mai kyau ce, zumunci ne, ba mai musu. Amma akwai abin da ya kamata a sani. Tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta kan yi ƙasa sosai. Murar da yaronki zai warke daga ita cikin kwana uku, ita tana iya kwantar da ita a gadon asibiti. Ƙamshin turare da na suya kuma, wanda mu ke mana daɗi, ita amai yake taso mata. Shawararmu ita ce a tambayi mai jinya ranar da ta dace, a je mutum biyu, a wanke hannu, a bar turare a gida, mai tari ya yi gaisuwarsa ta waya. Kada a wuce minti ashirin sai in ita ta riƙe ku.

Sharuɗɗan da muka ce kuwa, ba na wasa ba ne. Ba wanda zai koya wa majinyaci ko da ɗaga hannu sai likitan da ke duba shi ya sani ya kuma yarda. Dalili shi ne, ciwon daji kan kai ga ƙashi, musamman na mama da na mafitsara, kuma ƙashin da ciwo ya ci yana iya karyewa da murɗawar da mai lafiya ba zai ko ji ba. Wanda jininsa ya yi ƙasa jiri na iya kayar da shi. Wadda aka yi wa aiki sai ɗinki ya kama kuma likita ya ba da izini. Abubuwan da ake gani a bidiyon waya, na tsayuwa a kan kai, da naɗe ƙafa a wuya, da numfashi da sauri-sauri kamar zugazugin maƙera, da riƙe numfashi har ido ya yi ja, duk ba na majinyaci ba ne. Namu shi ne juya kafaɗa, miƙe hannu, motsa idon sawu, da tattaki a tsakar gida da sanyin safiya ko bayan La'asar, minti goma in an iya, biyar in ba a iya ba. A lokacin hunturu, da ƙurar nan tamu, a yi a cikin ɗaki. Duk motsin da ya kawo zafi a tsaya.

Sai kuma wanda ya fi duka muhimmanci. Idan mai karɓar kemo ya yi zazzaɓi, ma'aunin zafi ya kai 38, ko yana rawar sanyi, ko numfashi ya fara yi masa wuya haka kawai, ko jini ya ƙi tsayawa, wannan ba lokacin zaman natsuwa ba ne, ba kuma lokacin aika yaro kemis ba ne. Asibiti za a nufa a daren, ko ƙarfe nawa ne. Muna ganin ya kamata ƙungiya ta saya wa kowane gida mai irin wannan jinya ma'aunin zafi, domin kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa biyu ba, kuma taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne.

Haka nan muna so a rubuta a ƙa'ida cewa duk wanda kwamiti ya tura ba zai sayar da komai ba, ba zai tallata komai ba. Mun san garinmu. Da zarar abu ya samu karɓuwa, za ka ga masu jaka sun fito: wannan da garin wanke jini, wancan da shayin da aka ce daga Sin aka kawo, wani da ƙwayoyin da sai ka shigo da mutum uku a rage maka farashi. Za su ara kalmomin nan, natsuwa da numfashi da garkuwar jiki, su liƙa wa hajarsu. Wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe suna wahalar da hanta da ƙoda, su kuwa su ne ke tace maganin kemo daga jiki. Duk abin da majinyaci zai sha, ko na gargajiya ko na kanti, a nuna wa likitansa tukuna. Wanda muka samu ya shiga gidan marar lafiya da sunan ƙungiya ya fito da kuɗinsa a aljihu, a cire shi daga kwamiti a ranar.

Mace ta koya wa mace, namiji ya koya wa namiji. Muna da ma'aikatan jinya da na gashin ƙashi a cikinmu, kuma idan suka ware yini guda suka horar da mutum shida ko takwas, ya isa a fara.

Akwai mutum ɗaya da ba a ambata ba a duk muhawarar nan, wato mai jinya. Kusan kullum mace ce: 'ya, ko ƙanwa, ko kishiya ma wani lokaci. Ita ke kwana a kan tabarma a gefen gado, ita ke wanke kwanon amai, ita ke bin layin karɓar sakamako, ita ke amsa wayar dangin da ke Kano da Legas masu tambayar me likita ya ce. Kowa ya shigo zai ce "ya mai jiki?" amma da wuya a ce mata "ke fa, kin ci abinci?" Da yawansu kan fito daga jinyar wata takwas da hawan jini ko ciwon baya da ba su shiga da shi ba. Idan an je koyar da numfashin, a zaunar da ita ita ma ta yi. In da hali, ɗaya daga cikin masu dubiya ta karɓe ta na awa biyu, ta samu ta yi wanka a natse, ta je gidanta ta ga 'ya'yanta, ko ta shiga ɗaki ta ja ƙofa ta yi barci. Duk wadda za ta iya ba da awa biyu a mako, ta ba shugabar mata sunanta da unguwar da take, domin a haɗa kowa da gidan da ya fi kusa da ita, kada kuɗin Keke ya zama cikas.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Sakataren Ƙungiya